Ƙarar da oga ya ce ta nozul ce

Duk wanda ya daɗe a garejin da ke karɓar motocin garanti ya san yadda abin yake farawa. Sabuwar a-kori-kura ce mai shan dizal, ko juyen mai na uku ba ta kai ba, mai ita ya kawo ta yana cewa yana jin ƙas-ƙas-ƙas a saman inji, musamman da sanyin safiya. Oga ya kara kunne na daƙiƙa goma, ya ce nozul ne, wato mai fesa dizal cikin silinda, dama haka dizal yake, a goge kod ɗin matsala daga kwamfutar mota a sallame shi. Cikin duk abin da na koya a wannan sana'a, babu kuskuren da ya kai wannan hukuncin na tsaitsaye cin inji. Yana kuma da ƙane: a canza tafet ɗaya, wato ɗan ƙarfen da kamshaf ke ɗagawa don buɗe bawul, a rufe.

Kunne kaɗai ba ya raba gardama a nan. Kamshaf, mai buɗe bawul, rabin gudun karanshaf, wanda fistin ke juyawa, yake yi, don haka idan inji yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, a zagaye 700 a minti, kamshaf na yin 350, kowane bawul na buɗewa kusan sau shida a daƙiƙa. Shi ma nozul sau ɗaya yake aiki a kowane zagaye biyu. Kiɗansu ɗaya ke nan. Abin yi shi ne a jona na'urar bincike a riƙa kashe nozul ɗaya bayan ɗaya. In ƙarar ta ɗauke tare da nozul, matsalar ta ƙonewar mai ce. In ta ci gaba kamar ba a taɓa komai ba, ƙarfe ne ke dukan ƙarfe. Idan kuma ana jin fuf-fuf yana dawowa ta gidan filtar iska, bawul ɗin fitar hayaƙi ne ya daina buɗewa sosai, hayaƙin ya rasa hanya ya juyo baya. Kod irin su P0301 ko P0305 sau da yawa sai ɓarna ta yi nisa suke fitowa, kada a zauna jiransu.

Manyan injinan nan, su Power Stroke 6.7 da Duramax 6.6 da Cummins 6.7, kamshaf ɗinsu a cikin bulok yake. Shi ke ɗaga tafet, tafet ya tura sanda, sanda ta ɗaga roka, roka ta danna bawul; a Duramax da Cummins gada take dannawa, gada ta danna bawul biyu lokaci guda. A ƙasan yawancin tafet na zamani akwai ƙaramar taya da ke juyawa a kan allurai na ƙarfe. Da zarar allura ɗaya ta gutsure ko mai ya yi mata ƙaranci, tayar sai ta cije, ta koma goga a kan tudun kamshaf maimakon gangarawa. Taurin da aka yi wa fuskar tudun siriri ne. Yana zaizayewa, ƙarfen da ke ƙasa mai laushi ne, ci yake kamar sabulu a ruwa. Daga nan gibi ya buɗe, sanda ta fara tsalle, ta lanƙwashe ko ta fice daga mazauninta, gada ta zame. Injin dizal kuwa matsinsa ya kai wajen 16 ko 17 bisa 1, tsakanin fistin da bawul babu wurin wasa. Bawul ya makara wajen rufewa, fistin ya same shi a hanya.

To, ina garin ƙarfen da ya zaizaye yake zuwa? Nan ne mai canza tafet ɗaya yake yaudarar kansa. Garin na zubowa kaskon mai, famfon mai ya zuƙe shi kafin ya kai filta, ya karce cikinsa. Da safe, lokacin da mai ya yi kauri, ƙofar ratse ta filta kan buɗe, mai ya wuce ba tacewa. A yawancin injinan nan man yana ratsa kular mai, wato mai sanyaya shi, tun kafin ya isa filta, garin ya maƙale a siraran hanyoyinta. Wanda ya tsira ya tafi mital ɗin karanshaf da na kwanrod, wato shimfiɗar ƙarfen da suke juyawa a kai, da boris ɗin turbo, da ƙananan bututun da ke fesa wa fistin mai daga ƙasa. A sa sabon tafet a kan tsohon kamshaf, a bar tsohuwar kula, motar za ta fita lafiya ƙalau, ta dawo a bayan janwe.

Kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, a ɗibi bakin mai a kwalba mai tsabta a ajiye don gwaji. A yanka filta da abin yankanta, kada a sa zarto, don zarto na zuba nasa garin ya rikita shaida. A ware takardar ciki a rana, a bi ta da mayen ƙarfe. Abin da ya manne daga kamshaf ko tafet yake. Wanda ya ƙi mannewa, mai ruwan jan ƙarfe ko sanholo, yana nufin mital ya riga ya fara ci, kuma maganar ta tashi daga gyaran sama. Sai a buɗe murfin bawul, a ɗora agogon awo a kan kowace sanda, a juya inji da hannu, a rubuta tashin kowanne. Wanda ya gaza 'yan'uwansa shi ne mai laifi. Sanduna kuma a gangara su a kan gilashi, lanƙwasasshiya da kanta za ta yi ɗingishi.

Idan an ga ƙarfe a filta, kamshaf da tafet duka za su fita, har da waɗanda ido ke ganin lafiyarsu lau. Kular mai sabuwa ake sawa, wankin ta ɓata lokaci ne. A sauke kasko, a buɗe famfo, a duba mital, a girgiza sandar turbo. Aiki ne mai tsawo, tunda ba a isa wurin tafet sai an ɗaga tof silinda ko an zare kamshaf, kuma tsawon nan ne masu ƙirga awoyi a ofis ba sa so su ji. Su ba sa nan ranar da mai mota zai dawo da jan ido.

Sauran darussan gajeru ne. Cummins 6.7 na da, mai sandararren tafet, ana saita masa gibi, inci 0.010 a bawul ɗin shiga da 0.026 a na fita. Tun 2019, a motocin Ram, ya koma tafet mai cike gibinsa da matsin mai, babu abin saitawa, saboda haka ƙara a irinsa ba ta saiti ba ce. Irin wannan tafet yana da tsirfa a kan kaurin mai, a zuba abin da littafin motar ya ce, ko da hannu ya saba da man 15W-40. Man da ya ƙaru a kan sandar awo kuma yana warin dizal ya tsinke, galibi daga ƙone baƙin hayaƙi da matatar salansa ke yi ana katse ta da gajerun tafiye-tafiye. A duba awoyin silo, kada a tsaya a kilomita. Amma injin da ya ci tafet tun yana sabo, da mai mai kyau da rasit ɗin juye a hannu, a daina ɗora wa direba laifi, aibin daga ƙira ya taho.

Abin da aka ji da abin da aka auna, a rubuta a katin aiki da kwanan wata, a ɗauki hoton filtar a buɗe. In oga ya dage a goge kod a sallami mota, shi ma a rubuta, a miƙa masa biro ya sa hannu.