Yadda na koyar da tarihin 'yan Dominikan a ajina na Gusau

Ina koyar da tarihi a wata sakandare mai zaman kanta a Gusau, ajina gauraye ne, Musulmi sun fi yawa amma akwai yaran Kirista ma. Zangon da ya wuce muka zo kan shigar Turawa nahiyar Amurka da cinikin bayi, kuma duk malamin da ya taɓa koyar da wannan babin ya san yadda yara ke hamma, don Karebiyan a wurinsu bayan duniya ce. Sai na ce bari in shigo musu ta ƙofar da suka sani, wato limaman Katolikan nan masu doguwar farar riga da carbi a ɗamara, waɗanda ake ce wa Dominikan, tunda sunan da ake kiransu da shi shi ne ake kiran mutanen wata ƙasa can Karebiyan, kuma ba haka kawai abin ya zo ba.

Kafin komai sai da na samu shugaban makaranta, na ce ranka ya daɗe ga abin da nake son yi, tarihi ne ba wa'azi ba. Wannan matakin wallahi kar malami ya tsallake shi a garinmu, don yaro zai koma gida ya ce yau an yi mana maganar coci, gobe sai ka ga uba a bakin get. Shi kansa ya ba ni shawarar in faɗa wa yaran tun farko abin da ya kawo maganar, haka kuwa na yi.

Na fara da gida. Limaman wannan ƙungiya sun zo Najeriya daga Amurka a 1951 suka sauka Yaba a Legas, a 1953 aka danƙa musu yankin Sakkwato wanda Gusau ke ciki, kuma bishof biyu na farko na Sakkwato, Edward Lawton da Michael Dempsey, duk 'yan ƙungiyar ne. Nan take ajin ya farka, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce Malam ai kakarmu na ba mu labarin sistocin da suka yi aikin jinya, wani ma ya sa baki, kafin ka ce me kowa na da abin faɗa.

Daga nan muka koma baya zuwa ga mai sunan, Dominik, mutumin Sifaniya da ya kafa ƙungiyar masu wa'azi wadda Fafaroma Honorius na uku ya amince da ita a 1216. Da Sifaniyawa suka kafa birni a tsibirin Hispaniyola da ke Karebiyan sai suka kira shi Santo Domingo, wato Waliyyi Dominik, daga nan sunan Jamhuriyar Dominikan ya fito, ƙasar da ta ɓalle daga mulkin Haiti ranar 27 ga Fabrairu 1844. Na zana tsibirin a allo da alli, na tsaga shi biyu, Haiti a yamma su a gabas, sannan can gefe na yi ɗan ɗigo na ce wannan kuma Dominika ce, ƙasa daban, babban birninta Roseau, Turanci suke yi, ta samu sunanta ne don ran Lahadi matuƙin jirgin ruwan nan Kolumbus ya hango ta a 1493, Dominika kuwa na nufin Lahadi da Latin. Idan ba ka zana ba to a jarrabawa haɗe maka su za su yi.

Amma inda na fi daɗewa, kuma inda zuciyata take, shi ne Disambar 1511. Limaman ƙungiyar sun isa tsibirin a 1510 suka tarar ana gallaza wa 'yan asalin wurin, mutanen Taino, da aikin dole a gonaki da haƙar zinariya har suna ta mutuwa, sai ɗaya daga cikinsu, Antonio de Montesinos, ya hau mumbari a gaban manyan gari ya tambaye su da wane haƙƙi suke bautar da waɗannan bayin Allah, shin su ba mutane ba ne. Aka fusata aka nemi ya janye, Lahadin da ta biyo ya sake maimaitawa. Ƙarar ta kai har Sifaniya, a 1512 aka fitar da dokokin Burgos kan yadda za a riƙa mu'amala da 'yan asalin wurin, duk da cewa ba su hana zaluncin ba. Na sa wani yaro ya tsaya gaban aji a matsayin mai huɗubar, sauran su zama masu gonaki, aka yi muhawara mai zafi har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya tashi. Wani ya ce Malam ai wannan shi ne faɗa wa azzalumin shugaba gaskiya da ake karantar da mu a islamiyya, ni ban sa masa a baki ba, da kansa ya gano.

Ɗaya ɓangaren ma ban ɓoye musu ba, don idan ka nuna alheri kaɗai yara masu kaifin kai za su daina yarda da kai. Torkemada, wanda ya shugabanci kotun binciken aƙida ta Sifaniya daga 1483 da ta azabtar da mutane masu yawa, shi ma ɗan ƙungiyar ne. Bartolome de las Casas, wanda daga baya ya shiga ƙungiyar, ya kuma ƙare rayuwarsa yana kare 'yan asalin Amurka, da fari shi ma ya ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka su maye gurbinsu, daga baya ya rubuta nadamarsa. Wannan ta yi wa yaran zafi sosai, ni ma tana min zafi, kuma ta nan muka shiga babin cinikin bayi hankalinsu a tattare.

Darasin ba ya shiga firiyod ɗaya, duk mai son gwadawa ya nemi biyu a jere. Zango mai zuwa ina so in ba su aikin gida, kowa ya zauna da wani tsoho a unguwarsu ya rubuto abin da yake tunawa game da makarantu da asibitocin mishan a garin nan.