Ina manyan kifayen suka shiga?

Daren shekaranjiya barci ya ƙi zuwa, ga wuta babu, sai na ɗauki waya ina ta latse-latse har na faɗa kan wani bidiyo na wasu mutane su huɗu tsaye cikin ruwa har ƙirji sun rungume wani abu. Da farko wallahi na ɗauka kada ne, don bayansa duk ƙashi ne a jere layi-layi, ga dogon hanci ga gashin baki guda huɗu suna reto a ƙasa kamar na tarwaɗa. Ashe kifi ne, wai shi sitajin. Suka gwada tsawonsa suka maƙala masa wata 'yar lamba a jiki sannan suka sake shi ya yi tafiyarsa. Sakin nan da suka yi shi ne ya tsaya min a rai, saboda ni jikan masunta ne ta wajen uwa, mutanen Yauri, kuma a iya sanina kifi kamar wannan in ya shigo hannu to ranar gidan an yi sallah, babu wanda zai ma kawo maganar a mayar da shi ruwa.

Tun daga nan na shiga bin labarin kifin, kuma gaskiya abin da na karanta ya sosa min rai sosai.

Shi sitajin babu shi a ruwanmu, kifin ƙasashen arewacin duniya ne, Rasha da Iran da Turai da ƙasar Sin da Amurka. Masana sun ce danginsa sun kai shekara kusan miliyan 200 a duniya. In ya girma bakinsa ba haƙori, bakin ma a ƙasan kai yake, yana bin ƙasan kogi yana lalube da gashin bakin nan yana tsotse abin da ya samu. Mafi girma a cikinsu shi ake kira beluga, na Tekun Kasfiyan da Baƙin Teku, a shekarar 1827 an kama wata mace a bakin kogin Bolga na Rasha mai nauyin kilo 1,571 tsawonta ya wuce mita 7. Ka tsaya ka auna wannan a ranka, kifi ɗaya nauyin manyan bijimai uku ko huɗu. Kuma yana iya haura shekara 100 a raye, wato akwai kifin da ya girmi kakanka.

To amma inda matsalar take shi ne jinkirin haihuwa. Macen beluga sai ta doshi shekara 20 kafin ta fara ƙwai, kuma ba kowace shekara take yi ba sai ta huta wasu shekaru a tsakani. In lokacin ya zo sai ta baro teku ta hau kogi tana ninƙaya sama ɗaruruwan kilomita, tana neman inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa don nan ne kaɗai ƙwan zai manne ya ƙyanƙyashe. Kuma wannan ƙwan dai da take wahala a kansa shi ne abin da duniya take kashe ta dominsa. Shi ne ake sa wa gishiri a zuba a ɗan gwangwani a kira shi kabiya, abincin masu hannu da shuni, kilo ɗaya dubban daloli. Kaga kenan wanda ya kama ta ba naman ne ya dame shi ba, cikin yake so, sai a farke ta a kwashe ƙwai tun ba ta kai inda za ta zuba ba. An kashe uwa an cinye 'ya'ya a rana ɗaya, shekara ashirin na jira sun tafi a banza.

Sai kuma madatsun ruwa. A ƙarshen shekarun 1950 Tarayyar Sobiyet ta datse Bolga a Bolgograd don samar da lantarki, beluga ta zo hawa ta tarar da bango, kusan duk wuraren da ta saba zuba ƙwai suna can bayan dam ɗin. A kogin Danub na Turai ma haka, da can kifin yana hawa har ya wuce Biyana babban birnin Ostiriya, amma a 1972 aka gama babban dam a kan iyakar Romaniya da Sabiya, a wurin da suke kira Ƙofar Ƙarfe, hanya ta toshe. Da Sobiyet ta wargaje a 1991 kuma sai doka ta yi sanyi talauci ya yi yawa, masu kamun sata suka cika Kasfiyan kowa na neman na kai wa bakin salati. Ni ban cika ganin laifin ƙaramin masunci a irin wannan ba, na san yadda yunwa take sa mutum ya yi abin da shi da kansa ya san ɓarna ne, amma kifin dai ya ƙare. A 1998 aka sa duk nau'in sitajin ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, Amurka ta hana shigo da kabiyar beluga a 2005, Romaniya ta hana kamun gaba ɗaya a 2006. Duk da haka a 2022 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke neman ɓacewa a duniya ta fitar da cewa nau'i 26 da suka rage dukkansu suna cikin haɗarin ɓacewa.

Wanda ya fi taɓa ni ma ɗan uwan sitajin ne na kogin Yangtse a ƙasar Sin, mai dogon hanci kamar takobi. Masuntan can suna ce masa kifin giwa saboda hancin, da na ga sunan sai da gabana ya faɗi don mu ma ai muna da giwan ruwa. A 1981 aka datse kogin da dam ɗin Gezhouba ba a bar wa kifi hanyar wucewa ba. Manyan da ke ƙasa suka ci gaba da rayuwa suna tsufa amma ba haihuwa, mutane kuma ba su farga ba tunda jefi-jefi ana ganinsu. A watan Janairun 2003 wata mace ta faɗa ragar masunci kusa da garin Yibin, masana suka garzaya suka ɗinke mata rauni suka sa mata na'urar bibiya suka sake ta suna bin ta a jirgi, sai jirgin nasu ya daki dutse, kafin su gyara sigina ta ɓace. Ita ce ta ƙarshe da idon ɗan Adam ya gani. A 2022 aka sanar a hukumance cewa irinsu ya ƙare a duniya. Ita Sin ɗin daga Janairun 2021 ta hana kamun kifi a Yangtse na tsawon shekara 10, ta fitar da masunta da yawa daga ruwa ta nema musu wata sana'a, amma shi kifin giwa an riga an makara.

Na ajiye wayar na yi shiru, sai Yauri ta faɗo min.

Ina yaro in mun je hutu gidan kakanni, akwai wata safiya da har yau ina ganinta a idona. Kawuna da abokin sunsa suka taho daga bakin ruwa sun zura gora ta bakin wani giwan ruwa ta fito ta kumatu, sun saɓa a kafaɗa ɗaya gaba ɗaya baya, amma wutsiyar tana jan ƙasa tana zana layi a rairayi. Mu yara muna biye muna ihu. Idonsa yana wani irin ƙyalli kamar an kunna fitila a ciki, ɓawon jikinsa kowane ɗaya ya kai faɗin kwabo, na tsinci guda uku na ɓoye a aljihu har suka bushe suka nannaɗe. Da aka farke cikin sai ga ƙwai cike fal. Kakata tana zaune a kan tabarma ta leƙo ta ce, kai Malam, wannan ai uwa ce kuka ɗauko. Kawu ya yi dariya ya ce Inna ruwa ai ba ya ƙarewa. A lokacin kowa haka ya yarda, ni ma haka.

Bara da na je na zaga kasuwar kifi, abin da ya fi yawa a tire 'yan mitsi-mitsi ne kamar yatsa, ƙananan karfasa da 'ya'yan giwan ruwa da ba su kai tafin hannu ba an shanya su an yi banda. Na ga inda aka ɗinke gidan sauro guda uku aka mayar da shi taru, wanda ko ƙwan kifi ba ya tsallake shi balle ɗan kifi. Ga masu zuba gamalin a ruwa kifi ya taso sama babba da yaro a kwashe, wanda bayan ɓarnar ma guba ce mutane za su ci. Su masunta da yatsu suke auna idon raga, a da kawu ragarsa hannu yana shiga, yanzu ana maganar yatsa ɗaya yatsa biyu.

Mu ma muna da namu madatsun, Kainji tun 1968, Bakolori a kan kogin Sakkwato, Goronyo a kan Rima, Tiga a Kano wadda ta rage ambaliyar da take cika fadamun Haɗeja da Nguru, kuma kifayenmu da yawa a cikin ciyawar fadama suke haihuwa lokacin da ruwa ya malala. Ba cewa nake kada a gina dam ba, ina zaune cikin duhu ma nake rubutun nan na san darajar wuta, kuma noman rani ya rufa wa miliyoyi asiri. Amma a ce an tsara saki ruwa a lokacin da kifi ke buƙata ai ba gagara zai yi ba. Ga Tafkin Chadi kuma da a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000 daga baya ya ƙanƙance ya koma ɗan kaɗan.

Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna manyan kifayen ruwan daɗi, masu kai kilo 30 zuwa sama, sun ragu da kashi 94 cikin 100 a duniya tsakanin 1970 da 2012. Wannan lissafin bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, na gan shi a tire.

Sai dai akwai inda aka yi dabara kuma ta yi aiki, shi ya sa ban yanke ƙauna ba. A jihar Wiskonsin ta Amurka akwai tafkin Winebago, har yau ana sukar sitajin da mashi a watan Fabrairu ta cikin ramin da aka huda a ƙanƙara, amma duk wanda ya kama sai ya kai an auna an rubuta, da zarar adadin da aka yanke na shekara ya cika sai a rufe ko da kwanakin ba su ƙare ba. In lokacin ƙwai ya yi kifayen suka taru a gefen kogi inda hannu ma zai iya kama su, mutanen gari sun yi shekaru suna fitowa gadi don kada ɓarayi su taɓa, kuma cikin masu tsayawa kan lamarin har da su masu mashin da kansu. A Burazil kuma, yankin Mamirawa cikin dajin Amazon, akwai wani ƙaton kifi pirarucu, ɗan uwan bargi ne na ruwanmu, dole ne ya riƙa leƙowa sama yana shaƙar iska kamar gaiwa. Ya kusa ƙarewa, sai daga 1999 aka bar wa masuntan ƙauyuka ragama, su suke zama a kwalekwale su ƙirga kifin in ya leƙo, su yi gadin tafkunansu, sannan a yarje musu su kama wani kaso na manyan su bar sauran. Kifin ya dawo har ya yi yawa, su kuma suna samun kuɗi.

Da na karanta wannan sai na ce ai mu mun riga su sanin wannan. Me ya sa ake samun giwan ruwa mai kilo 75 a Argungu kamar yadda aka kama a 2005, ko mai kilo 78 a 2020? Saboda Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifin a cikinsa, ruwa ne mai mai shi, akwai Sarkin Ruwa, ba a shiga sai ranar da aka buɗe, kuma ranar ma da homa da gora ake shiga. Bikin nan tun 1934 ake yinsa har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, mu kallon gasa da kiɗa muke yi mun manta cewa hanin da aka yi wata da watanni shi ne ya bar kifin ya girma. A garuruwa da yawa na bakin ruwa da akwai irin wannan, gulbi kaza an ɗaure shi sai bayan damina, kuma ba ɗan sanda ba soja, kunya da maganar manya ce kawai take tsare shi.

Kuma mu namu da sauƙi a kan na Rasha, shi giwan ruwa ba ya jiran shekara 20, cikin 'yan shekaru kaɗan yake fara haihuwa kuma babbar mace ɗaya tana zuba miliyoyin ƙwai, yawancin waɗanda suka yi girma sosai ɗin nan ma mata ne. In aka bar masa wani lungu na ruwa da ba a taɓawa aka daina gidan sauro da guba, inaga ba za a daɗe ba a ga bambanci. Amma fa ba za ka ce wa mai iyali ya ajiye raga wata uku ba tare da ka nuna masa abin da zai ci ba, duk dokar da ta tsallake wannan a takarda za ta tsaya.

Jiya da yamma na kira kawu, yanzu ya tsufa ba ya shiga ruwa sai 'ya'yansa. Bayan mun gaisa na ce Kawu, ka tuna uwar kifin nan da kuka ɗauko a gora Inna ta yi magana? Ya ce ƙwarai kuwa ɗan nan, ai ba a manta irin wannan. Na ce yaushe rabonka da ganin kamarta? Ya yi shiru har na ɗauka layi ne ya yanke, ina jin kukan awaki ta bayansa, can sai ya ce tun kafin a yi wa babbar 'yarsa aure, yanzu kuwa ɗanta na fari yana sakandare. Ya ce babbar ragar tana nan rataye a rumbu ya hana yara su kwance zarenta, in na zo da babbar sallah zai sa a sauko da ita in zura hannu in gani.