Plummet, kalmar da ta samo asali daga dalma

Jiya da daddare ƙanwata Allah sarki tana ta haddace kalmomin Turanci saboda jarabawar JAMB, sai ta miƙo min waya ta ce yaya me ake nufi da plummet, wai ƙamus ɗin ya ce mata faɗuwa ce kawai. Na ce a'a wallahi ya wuce nan, faɗuwa ai iri-iri ce, akwai ta ganye da ke saukowa a hankali iska na wasa da shi, akwai kuma ta guga idan igiya ta tsinke, kafin ka ce wayyo ka ji tsundum a ƙasan rijiya. To wannan ta biyun ita ce plummet. Rikitowa ce daga sama, da sauri, kuma da nisa.

Abin da ya sa nake son kalmar shi ne asalinta. Daga tsohon Faransanci ta shigo, shi kuma daga plumbum na Latin, wato dalma, shi ya sa ma a kimiyya alamar dalma take Pb, kuma shi ya sa mai gyaran famfo ake ce masa plumber tunda da can Rumawa da dalma suke yin bututun ruwa. Kun san ɗan ƙarfen nan mai tsini da magina ke ɗaurewa a zare su saki don su ga ko bango ya miƙe? Lokacin da ake ɗora katangar gidanmu na tsaya ina kallon maginin, ya kama zaren da yatsu biyu ya sake shi, ƙarfen ya yi ƙasa sak ba karkata ko kaɗan. Irin wannan nauyin shi ne ainihin plummet tun farko, matuƙan jirgin ruwa ma da shi suke auna zurfin teku, daga baya ne aka mayar da sunan kan duk abin da ya rikito haka.

Yanzu a labarai an fi jinta a maganar kuɗi da farashi. Ranar 20 ga Afrilun 2020, lokacin korona, farashin gangar ɗanyen man Amurka ya rikito har ƙasa da sifili, ya kai wajen dala 37 a ƙasan sifili, to wannan kam plummet ne ba gardama. Haka naira a watan Yunin 2023 da Babban Banki ya sake ta kasuwa ta yi mata farashi. Amma nan ne mutanenmu ke rikicewa, in an ce naira plummeted sai wani ya ɗauka dala ce ta sauko, alhali darajar nairar ce ta faɗi, dala kuwa tashi ta yi.

Kuma ba ka plummet ɗin wani abu, abin ne ke yi da kansa, sannan t ɗaya ce a plummeted, na ga ƙanwata ta rubuta biyu na gyara mata.

Abin da ke damuna gaskiya shi ne masu fassara su ce "ya ragu" alhali muna da rikito, muna da faɗi warwas, 'yan kasuwa ma cewa suke farashi ya karye, kamar yadda kwandon tumatir ke yi idan na rani ya fito kowa ya kawo kasuwar Kwanar Gafan ta jihar Kano lokaci guda. Na ce mata ta rubuta rikito a gefen littafinta, ta kuma zana ɗan guga a kusa.