Kafin ka sayi hannun jarin kamfanin neman zinare, ka leƙa asusunsa

Na ɗan jima ina saka abin da ya sauwaƙa a ƙananan kamfanonin nan masu neman ma'adinai, irin waɗanda suka cika kasuwar hannun jari ta TSX Venture ta Kanada da ASX ta Ostireliya, kuma abin da ban gane da wuri ba shi ne yawancinsu ko giram ɗaya na zinare ba sa sayarwa. Babu kuɗin shiga sam. Fili ne kawai da lasisi da masana duwatsu, sai fatan a dace. To da me suke biyan injin haƙa da albashi? Da kuɗinmu mana, hannun jarin shi ne hajarsu.

Nan na sha kashi. Wani kamfani ya fitar da sakamakon haƙa mai kyau, na ga giram da yawa na zinare a kowane tan na dutse, jikina na rawa na saya, farashi ya ɗan tashi ina ta murna, ashe asusunsu ya kusa ƙarewa, ba a jima ba suka buga sababbin hannayen jari suka sayar wa manyan masu kuɗi da rahusa, har da warant, wato takardar da ke ba su damar ƙara saye nan gaba a farashin da aka tsayar. Fili bai ƙaru ba, masu rabo ne suka ƙaru, kasona ya ƙanƙance. Wallahi abin ya yi min ciwo, don duk bayanan suna cikin rahoton kuɗinsu, ni ne ban buɗe ba.

Kuma fa ko sakamakon haƙar ma sai an yi hattara. Wani kamfanin Kanada mai suna Bre-X ya ce ya gano zinare mai tarin yawa a Busang da ke Indonesiya, darajar kamfanin ta kai wajen dala biliyan 6 na Kanada, sai a 1997 aka gano barbaɗa garin zinare ake yi a samfurin duwatsun. Mutane da yawa sun tafka asara, har da asusun fansho. Bayan nan ne Kanada ta kawo dokar NI 43-101 a 2001, wadda ta ce dole ƙwararren masani ya sa hannu a bayanan ma'adinai kafin a fitar. Ta rage ƙarya sosai, amma ba ta ce rami mai kyau zai zama mahaƙa ba, wannan tafiyar kan ci shekara 10 ko fiye, kuma yawanci ba sa kaiwa.

Duk da haka ban daina ba, don in an dace ana dacewa da gaske. Great Bear Resources ƙaramin kamfani ne da ya yi ta haƙa a Red Lake ta lardin Ontariyo a Kanada, babban kamfanin haƙar zinare Kinross ya saye shi a 2022 kan kusan dala biliyan 1.8 na Kanada, alhali Great Bear bai ma gina mahaƙa ba.

Yanzu dai kafin in kalli giram sai na fara duba nawa ya rage a asusu, wata nawa zai kai su, hannun jari nawa ke yawo, warant nawa ke jiran a karɓa, da ko shugabannin sun saka kuɗin aljihunsu. Makon jiya na ga wani da ya burge ni sosai, amma kuɗinsa ba zai kai su ƙarshen haƙar bana ba, don haka na ajiye shi sai sun gama tara kuɗi tukuna.