Daga Brno Zuwa Lety: Bin Sawun 'Yan Roma a Jamhuriyar Cek

Jirgin ƙasa na shiga daga Firag, babban birnin ƙasar, zuwa Brno, birni na biyu mafi girma a Jamhuriyar Cek. Abin da ya kai ni gidan tarihi ne guda, na al'ummar Roma, mutanen da Turawa suka daɗe suna kira Jipsi, sunan da da yawansu ba sa so. Kakanninsu daga arewa maso yammacin Indiya suka taso shekaru kusan dubu da suka wuce, harshensu kuwa har yau ɗan uwan Hindi ne.

Gidan yana titin Bratislavská, cikin unguwar da 'yan Roma da yawa ke zaune, ba a tsakiyar gari inda 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo ba. Wasu masu ilimi daga cikinsu suka kafa shi a 1991, sai a 2005 gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Wurin kayan ƙira na fi daɗewa a tsaye: uwar maƙera, awartaki, guduma, duk sun yi baƙi, hannu ya cinye ƙotocinsu. Wanda ya taɓa zama a bakin maƙera ba ya neman mai yi masa bayani. Amma takardu ne suka fi tsaya min a rai. Dokar 1927 ta tilasta wa masu yawo cikinsu ɗaukar katin shaida na musamman mai tambarin yatsu, kamar waɗanda aka kama da laifi. A 1958 gwamnatin gurguzu ta haramta yawon baki ɗaya. Aka ƙwace dawaki, aka cire wa kekunan dokinsu ƙafafu.

Daga nan na yi hayar mota na nufi kudancin yankin Bohemiya. Na yada zango a Písek, na taka tsohuwar gadar dutse da ke kan kogin Otava, wadda ta fi kowace gada a ƙasar tsufa, sannan na ƙarasa Lety.

Ƙauye ne ɗan ƙarami, gonaki da daji da tafki. Daga Agustan 1942 zuwa 1943 a nan aka tsare 'yan Roma kusan 1,300, maza da mata da yara. Fiye da 300 sun mutu a sansanin, yawancinsu ƙananan yara, da yunwa da annobar zazzaɓi. Wasu ɗaruruwa aka tura Auschwitz, sansanin kisan gilla na 'yan Nazi a ƙasar Poland. Ƙasar tana ƙarƙashin mamayar Jamus a lokacin, amma masu gadin 'yan sandan Cek ne. Ina ganin wannan ne ya sa aka daɗe ana kawar da kai daga maganar.

Ba kawar da kai kaɗai ba. A shekarun 1970 hukuma ta gina katafariyar gonar aladu a kan filin, aladu dubbai. Ko a 1995, da Shugaba Václav Havel ya buɗe ƙaramin wurin tunawa kusa da kaburburan, gonar tana nan daram, masu zuwa addu'a suna toshe hanci. Sai a 2017 gwamnati ta amince ta saye ta a kan koruna miliyan 450, aka fara rusau a 2022, sabon wurin tunawa ya buɗe a 2024 ƙarƙashin kulawar gidan tarihin Brno.

Yanzu babu wari. Akwai zauren baje koli, da sunayen waɗanda aka tsare, da ƙananan itatuwa da aka dasa inda rumfunan aladu suke a da. Na ga wata dattijuwa ta durƙusa tana bin sunaye da ɗan yatsa, wani yaro yana riƙe mata jaka.

Turai ta iya adana fadoji da majami'u, ta shata musu hanyoyi da taswira masu bin tarihi su bi. Mutanen da aka hana su zama, daga baya aka hana su tafiya, ba su bar irin waɗannan gine-gine ba, don haka duk abin da ke tsaye da sunansu sai da aka yi fafutuka a kansa. Na Lety, Čeněk Růžička ne ya ja ragama. Mahaifiyarsa tana cikin waɗanda suka fita sansanin da rai, shi kuma ya shafe shekaru sama da ashirin yana ƙwanƙwasa ƙofofin ministoci. Ya ga an fara rushe gonar, ya rasu a Disamban 2022, kafin a buɗe wurin.