Gashin naman kurege

Jama'a, jiya da yamma na gasa naman kurege a kan waya. Ɗanɗanonsa ya yi kusa da na zomo, sai dai ya fi shi duhu da garɗi.

Aikin tun daga fiɗa yake farawa. Gashin jikin kurege idan ya manne wa nama, cire shi sai an sha fama, don haka na jiƙa fatar da ruwa kafin in sa wuƙa.

Naman ba shi da kitsen kirki. Ka ɗora shi a kan wuta mai ci bal-bal, kafin ka ankara ya bushe ya ƙandare. Shi ya sa na bar shi ya kwana a ruwan gishiri cikin firij. Da zan gasa na tsane shi, na shafe shi da mai, tafarnuwa, citta da barkono. Na jira gawayi ya zama garwashi, na tura shi gefe guda, naman kuma a ɗaya gefen. Ina juyawa ina ƙara shafa mai, har zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyas, domin naman daji ba a yi masa rabi da rabi.

Ƙarami ne ya dace da gashi. Tsohon kurege tauri gare shi, sai an fara tafasa shi ya yi laushi. Tsokar tana cinyoyin baya, haƙarƙarin kuwa wahala ce kawai. Kansa kuwa na yar da shi, don likitoci sun yi gargaɗi kan cin ƙwaƙwalwarsa.