Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ciyawar da Kawu Ya Ce Ko Akuya Ba Ta Ci

A makon jiya na tsaya a inda na bar Mai Wurno zuwa Fot Sudan. Shekarun karatu ba zan bi ta kansu ba, babu komai a ciki sai yunwa da gumi. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro maganar Kawu ce, ranar sunan 'yar Yaya, a zaure, gaban surukai: "An sayar da bijimi an kai shi jami'a, ya ɓige da karatun ciyawar da ko akuya ba ta ci." Aka tuntsire da dariya. Baba ya sunkuyar da kai.

Ciyawar ƙarƙashin teku ce. Akuya ba ta cinta, amma ayun teku da ita yake rayuwa, haka kunkuru da ƙananan kifi. A Dungunab, arewa da Fot Sudan, wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016, na fara nutso a kanta. Da bazara ruwan bakin gaɓa yakan haura digiri 30, ciyawar kuwa tana nan kore shar. Akwai wata mai ƙananan ganye, Halophila stipulacea, 'yar asalin Bahar Maliya, wadda ta bi mashigin Suwes ta shiga Bahar Rum, a 2002 aka gan ta har a Girenada, can tekun Karebiyan. Me ke cikin jikinta da zafi bai kashe ta ba? Tambayar da ta cinye mini ƙuruciya ke nan.

Turawa sun riga mu bin sawun amsar, da tasu ciyawar, Zostera marina. A 2003 zafi ya yi wa Turai rubdugu, ruwan tekun Baltik ya wuce digiri 25, ciyawa ta yi ta mutuwa. Thorsten Reusch da abokan aikinsa a Jamus sun riga sun dasa ta fili-fili, wani da tsatso ɗaya, wani uku, wani shida. Filayen da aka gauraya tsatso su suka fi farfaɗowa. Ranar da na karanta wannan Baba na tuna, da yadda ba ya yarda ya shuka dawa iri ɗaya a gona duka, sai ya haɗa mai saurin nuna da mai jure fari. Kawu shi ma yana yi masa dariyar wannan, har shekarar da damina ta yanke, ya zo da buhu da dare. Inna ce ta auna masa, ba ta ce uffan ba. Na so ta ce.

Daga baya, a wani bincike da aka wallafa a 2011, aka gwada ciyawar Denmak da ta Italiya a tankuna, aka ɗaga zafin ruwa zuwa digiri 26. Dukansu sun kunna ƙwayoyin gadon da ke sarrafa furotin mai kare jiki daga zafi. Bambancin sai bayan zafin ya wuce: ta Italiya ta koma aikinta nan da nan, ta Denmak ta rikice, ta kasa komawa daidai. Ashe juriyar tana ga iya murmurewa, kuma gadonta ake yi. Wannan na so in zaunar da Kawu in fahimtar da shi, mutumin da ya fi kowa a gidanmu zancen tsatso da asali in ana maganar aure. Allah bai nufa ba, ya rasu ina bakin teku. Allah ya jiƙansa, na yafe, amma ban manta ba.

Akwai kuma wasu baƙi masu bincike da suka zo mana, ba zan ambaci inda suka fito ba. Ni na san inda kowace irin ciyawa take, ni na yi ciniki da masunta 'yan ƙabilar Beja kan jirgi, ni na yanko ganye na busar na jera a leda da lamba. Suka tafi da shi ɗakin gwajinsu. Da takardar ta fito na duba sama, na duba wurin godiya, babu sunana. Hajiyata ta ce in bar wa Allah. A lokacin ma maganar akuyar nan ce ta fara faɗo mini a rai, kafin fushin baƙin.

Yanzu da yaƙin 2023 ya cika Fot Sudan da 'yan gudun hijira, 'ya'yan Kawu biyu a gidana suke, ƙaramin ma ya fara bina bakin ruwa yana riƙe mini ma'aunin zafi. Yadda suka iso, da abin da ya faru da gonar Baba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.